Ranar da Na'ura Ta Ƙi Yatsana

Shekara huɗu ina riƙe da rajistar ma'aikata a wani kamfanin rarraba taki da iri a Gummi. Wanda ya makara, da wanda ya tafi hutu, da wanda ya ƙirƙiro rasuwar kakarsa karo na uku, duk hannuna ke rubuta su. Da cikina na fari ya tsufa, ni na rubuta hutun haihuwata a littafin, manaja ya sa hannu, na kulle durowa na jefa makullin a jaka, na tafi wankan gida wurin Inna a Nasarawa Burkullu.

Ranar suna manajan ya zo har gida. Ya yi wa jaririya addu'a mai tsawo, ya ci naman suna, aka kuma ɗaure masa cinya a leda.

Ina da kwana goma sha tara da haihuwa takarda ta iso. Wai ana rage ma'aikata, an kawo na'urar dangwala yatsa daga babban ofis, duk wanda bai dangwala ranar Litinin ba ya gudu daga aiki ke nan. An sallame ni saboda ba a san inda nake ba. Sa hannun da ke ƙasa na mai cinyar nan ne.

Raina ya ɓaci har nono ya ɗauke mini wuni guda. Mijina, malamin firamare ne, ya tambayo wani abokinsa na ƙungiyar ƙwadago, aka ce doka ta hana a ba mace takardar sallama tana hutun haihuwa. Inna kuwa tata dokar daban: mai jego ba ta taka waje kafin arba'in. Kwana biyu muna ja, sannan ta yarda, da sharaɗin za ta bi ni. Muka kama hanya da jaririya da fulas ɗin kunun kanwa, kunnuwana toshe da auduga kada iska ta shiga.

Manaja ya tarbe mu da fara'a, har yana tambayar ya ƙwarin jiki. Ya ce abin mai sauƙi ne, in dangwala kawai. Na dangwala, na'ura ta kawo ja. Na goge a zane na sake, ja. Lallen suna bai gama fita ba, ga ruwan zafi safe da yamma ya saɓule mini fatar yatsu. Duka goman na gwada.

"Ni na san ke ce," in ji shi, "amma ita ba ta sani ba."

Na kawo masa zancen doka. Ya ce ai yana girmama doka ƙwarai, a nuna masa shaidar ina hutu kawai. Na ce tana cikin rajista, ga ma makullin. Ya ɗaga hannu, wai wadda aka sallama ba ta da ikon buɗe durowar kamfani, shi kuma ba aikinsa ba ne, aikin mai rajista ne. Na tambaye shi wace ce mai rajistar. Ya ce gurbin babu kowa a yanzu.

Nan Inna ta kwance goyo, ta ture takardunsa gefe, ta shimfiɗa jaririyar a kan teburin.

"Ga sheda nan mai numfashi. Kai kac ci naman sunanta. In wagga ba ta isa ba, mi za ya isa?"

Yarinyar kamar an aike ta, ta jiƙa masa fayil biyu. Ya yi waya babban ofis yana share tebur da hularsa, aka janye takardar. Muka koma gida Inna tana ta ba matan unguwa labari, ni ma har na yi barci mai daɗi.

Ranar da hutuna ya cika na yi kwalliya na koma. Yatsa ya warke, lalle ya fita. Ina dangwalawa na'ura ta kawo kore, har da ƙara. Manaja ya yi mini barka da dawowa, sannan ya miƙo mini ambulan. Takardar nan ce dai, kwanan wata kawai aka sake. Ya ce yanzu ba na hutu, doka ta gamsu.

Na ajiye makullin zan fita, sai ya kira ni a hankali. Wai tunda har a tashi aikin yau ni ce mai rajista, in taimaka in shigar da sallamar kafin in tafi, don babu wanda ya kai ni kyan rubutu.

Na zauna na buɗe littafin. Layin da ke ƙarƙashin hutun haihuwata babu komai, a nan na rubuta.