Me-Ka-Ce da Lasifikokinsa Biyu

Shekara talatin da huɗu ya yi tsaye a gefen injin niƙa, gari yana sauka a kansa kamar furfurar aro, har ta gaskiyar ta zo ba wanda ya lura. Ranar da gwiwa ta ce ta gaji, ya miƙa wa ƙanensa makullin shago, ya dawo gida da abu biyu: tari, da sunan da unguwa ta laƙaba masa, wato Me-Ka-Ce. Kowa ya san dalilin sunan. Shi kaɗai ne bai taɓa jin an kira shi da shi ba.

Injin ya ci kunnensa a hankali, irin cin da gara ke yi wa ƙyaure, daga waje sumul. Kukan tsuntsu ne ya fara tafiya, sai ƙarar cokali a kofi, sai rabin maganar matarsa, wannan kam bai kai ƙara ko'ina ba. Abin da ya tsaya masa a rai kiɗa ne. Tun yana saurayi yake tara kaset a kwali, yana cewa in ya huta zai saurare su ɗaya bayan ɗaya. To ga hutu ya zo, ga rediyo mai lasifika biyu a falo, amma waƙar da ya sani kamar tafin hannunsa sai ta iso masa siririya, kamar sauro a kwalba.

"Kayan yanzu ne," in ji shi. "Ba bes, kaurin amon nan, ba ƙirji. A da in ganga ta buga, har hanjinka sai ya amsa."

"Malam, kofunan kabad fa rawa suke yi," in ji matarsa.

"Me kika ce?"

"Na ce Allah ya ƙara lafiya!"

Daga nan ya shiga yaƙi. Wani ya ce masa bes na son lungu, ya tura kujeru tsakiyar ɗaki, ya cusa lasifikokin a kusurwa. Wani ya ce ƙaramin akwati ba ya haifar babbar murya, ya sa kafinta ya ƙera masa biyu, kowanne ya kai masa cinya. Aka ce a cika cikinsu da auduga, sai matar ta wayi gari ta tarar da matasan kanta sun rame kamar sun yi jinya. Da ta yi magana, ya ce sadaukarwa ce. Ta ce to ya sadaukar da nasa mana. Wannan ma bai ji ba.

Da abin ya ishe ta, ta aika aka kira mai gyaran rediyo na bakin titi, abokinsa tun suna yawo ba takalmi, wanda rabin ƙarni suka yi suna zagin juna ba a taɓa jin kansu ba. Ya zo da hantsi, ya leƙa bayan akwatunan, ya fashe da dariya har tabarau ya zame masa.

"Kai tsohon banza, wa ya ɗaura maka wayar nan? Ja a gurbin baƙi, baƙi a gurbin ja! Wannan na turawa, waccan na ja, kamar kai da uwargida. Ta ina bes zai fito?"

"Ka gyara, ka bar surutu. Da ka iya aiki da yanzu kana da mota."

Mai gyara ya sauya wayoyin, ya murɗa sautin rediyon. Ɗakin ya ɗauka. Labule ya yi numfashi, hoton aurensu ya karkace a bango, kyanwar gidan ta fice ta taga ba sallama. Matar ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

Me-Ka-Ce yana tsaye a kusurwa, gefen akwati, ya karkata kai kamar mai jiran kiran sunansa a asibiti. Ya daɗe a haka. Ya dubi matarsa da hannayenta a kunne, ya dubi abokinsa da ya daina dariya.

"Ashe ba lasifikar ba ce," ya ce, a hankali, karo na farko cikin shekaru da ya yi magana ba da ihu ba.

Mai gyara ya shiga goge tabarau da bakin riga, alhali ba abin da ya same shi. Gwiwar tsohon kuwa, wadda ba ta san lokacin da ya dace ba, ta zaɓi wannan lokacin ta saki. Kujeru sun yi nisa. Ya lalubi abin da ke kusa, ya zauna daɓas a kan akwatin lasifika.

Sai ganga ta same shi. Ta shigo ta mazaunai, ta hau gadon baya tsani-tsani, ta zauna a ƙirji inda ta saba zama tun yana ɗan shekara ashirin. Idonsa ya buɗe. Yatsun ƙafarsa suka fara motsi da kansu.

"Ga ta nan!" ya daka tsawa. "Wallahi ga ta nan! Ku ji inda mai gangar zai juya, yanzu, yanzu... Yauwa!"

"Ikon Allah," in ji mai gyara. "Mu muna ta neman kunnenka a sama, ashe ƙaura ya yi zuwa ƙasa. Uwargida, daga yau in za ki yi masa faɗa, kin san inda za ki dosa."

Ta jefe shi da tsumman goge tebur, tana dariya tana share ido.

Yanzu kullum bayan la'asar a nan za ka same shi, a kan akwati, ido rufe, kwalin kaset a gefen ƙafa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta sun koyi cire tangaran daga kan kanta kafin lokacin. Rannan matar ta ga katako ya fara ba shi ciwo, ta kawo ɗan matashi mai laushi za ta saka masa.

Ya ture shi da gwiwar hannu.

"Haba, baiwar Allah! Kunnen da ya rage min ɗin ma so kike ki toshe?"