Buhun Gasayar Inna

Haihuwata ta biyu a Ƙonni na yi ta, a gidan siminti, mijina yana da motocin haya biyu, ni kuma kaina ya kumbura. Kwana uku da suna sai ga Inna, mahaifiyata, daga ƙauyenmu na wajen Tajaye, da buhu a ka. Busasshen ganye ne, gasaya da yaɗiya, ita ta tsinko a bakin gona ta shanya.

"Jininki ya zuba," in ji ta. "Wannan shi zai mayar miki da shi."

Matan maƙwabta suna zaune ana shan shayi da madarar gwangwani. Wata ta leƙa buhun ta ce ashe har yanzu ana cin abincin yunwa. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ni da na yi lakwal, na yi karatun boko, a ce ciyawa nake ci? Da Inna ta shiga salla, na juye wa awaki shi duka.

Ta fito ta tarar suna ci. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kakkaɓe buhun, ta ninke, ta sa ƙarƙashin tabarmarta. Ta ci gaba da zuwa har Allah ya yi mata rasuwa, gero take kawowa ko wake, ganye kam bai sake shiga gidana ba.

Jaririyar nan da na haifa lokacin yanzu tana karatun abinci da lafiyar jiki a birnin Tawa. Bana ta zo hutu da gasaya a leda, tana ta yi mini bayani, wai tana ƙara jini, wai akwai abubuwa a cikinta da ke kare jiki daga saurin lalacewa, malamansu ma nemanta suke. Maganar Inna ce dai, an sa mata dogon suna.

Sai ta buɗe littafinta. "Mama, yaya Kaka take kashe ɗacin? Ruwa nawa take zubarwa?"

Na yi shekaru ina cin kwaɗon Inna, ban taɓa tsayawa kan tukunyarta ba. Na ce bari mu gwada. Muka tafasa, muka tace, muka zuba ƙuliƙuli. Ɗiyata ta kai loma ɗaya ta ajiye, ɗaci ya hana ta. Shafin nata ya tashi babu ko layi ɗaya.

Na jawo kwanon gabana, na cinye shi tas.