Makarantar Bakin Rijiya

Komai zan iya mantawa a duniya, amma ban da shekarar da makarantarmu ta koma bakin rijiya.

Fari ne ya matsa mana a Gangara. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, malaminmu ya bi maza cin rani kudu, ya bar makarantar a hannun matarsa. Mutane suka ce shi ke nan, yaushe mace ta taɓa riƙe makaranta? Rijiyoyi duk sun ƙafe sai ɗaya can cikin fadama, mai tsatsafowa kaɗan-kaɗan. A can mu 'yan mata muke wuni, kowace zaune gefen tulunta a layi. Saura kaɗan in sauke Alƙur'ani, babana ya ce in rataye allo.

Malama ta zo har zaurenmu, ina laɓe ina ji.

"Malama, ruwa muka biɗa yanzu, ba karatu ba," in ji baba. "Wa za shi tsare muna layi?"

"Ai tulu ka bin layi, Malam, ba ɗiya ba. Ni za ni ishe su can."

Washegari kuwa sai ga ta da tabarma a ka. Ta shimfiɗa gindin wata aduwa, ta raba mana aiki: biyu su riƙa matsar da tuluna, karɓa-karɓa, manya su biya wa ƙanana. Ni da ko gaisuwa sai an matsa mini, ta turo yara gabana ta ce, "Waɗanga naki na." Haka na fara biya musu. Dattijai suka yi ta gunaguni, amma da 'yan matan rugage suka fara ajiye ƙwarya suna zama, bakin kowa ya mutu.

A gindin aduwar nan na sauke. Babu walima, babu ko goro. Malama ta dafa kaina kawai, hannunta duk kaushi. Ba a jima ba mijinta ya aiko ta bi shi, ban sake ganinta ba.

Yau ni ke shugabantar wata Islamiyya, kuma wallahi har gobe ina kewar matar nan. Ko godiya ban yi mata ba, ƙuruciya ta sa na ɗauka kullum tana nan. A wurinta na koyi cewa idan yara suka daina zuwa, shugaba ba ya zama yana jira. Tashi yake ya je inda wahala ta kai su.