Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Shekarar da ƙanwata za ta yi haihuwar fari, tana Alƙahira tare da mijinta da ke karatu a can. Wayar salula ba ta daɗe da shigowa Jos ba, kuma a gidanmu na Anguwan Rogo guda ɗaya ce tal, tana zaune a kan talabijin cikin 'yar jakar saƙa, ba mai taɓa ta sai da dalili. Ta wannan waya ƙanwata ta yi ta kuka, ta ce ita fa ba za ta haihu a hannun mutanen da ba su san wankan jego ba, sai dai Inna ta zo. Likita kuma ya ce jininta na hawa, kada a riƙa barinta ita kaɗai. Aka yi wa Inna fasfo, aka samu biza da ƙyar da jiɓin goshi, mijin ƙanwar tawa ya ce shi zai biya tikiti daga can, mu dai mu karɓa a ofishin wakilin kamfanin jirgin.

To ita Inna, tunda aka ɗaura mata aure ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba. "Shi" take ce masa. Shi ya dawo, shi ya ce a rage gishiri, ku yi a hankali shi yana barci. Akwai wani mai kayan miya a bakin layinmu da ya ci wannan suna, ta gwammace ta wuce shi ta saya a gaba, ko da tumatirin can ya fi tsada. Fasfo kuwa ba ruwansa da kunya. Ga sunanta, ga na mijinta ɓaro-ɓaro a gabansa.

Ranar da surukin namu ya bugo don ya tabbatar da rubutun sunan, aka yi rashin sa'a ita kaɗai ce a gida. Fasfon na hannunta, kuma ta iya karatun boko daidai gwargwado, don ta yi ajin yaƙi da jahilci. Ya gaishe ta, ya gaishe ta, ya ƙara gaishe ta, sannan ya tambaya a kaikaice ko sunan nan na biyu yana nan yadda aka saba rubuta shi. Ta ce ai kamar yadda ya sani ne. Ya ce to, Inna. Shi ma yaron kirki ne, ba zai kama sunan surukinsa a gaban surukarsa ba, balle ya sa ta ta jero masa baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya. Haka mutum biyu masu hankali suka yi magana daga Jos zuwa Masar suka rabu suna sa wa juna albarka, ya je ya rubuta abin da ya tuna daga katin ɗaurin aure.

Ni ce na raka ta karɓar tikitin, bayan na tashi daga makarantar da nake koyarwa a Nasarawa Gwom. Wakilin ya ɗora fasfo kusa da tikiti, ya duba wannan, ya duba wancan, ya ja tsaki mai tsawo irin na wanda ya ji daɗin samun matsala. Harafi ɗaya ne ya bambanta. Sunan Baba yana cikin sunayen nan da kowane akawu ke rubutawa yadda hannunsa ya faɗi. Na ce ai sai ya gyara, ga biro nan a aljihunsa. Ya dube ni kamar na ce ya tuƙa jirgin.

"Madam, sistem ba zai karɓa ba. A wurin kwamfuta, waɗannan mata biyu ne."

Ya ce tikitin daga waje aka biya shi, shi ba shi da iko a kansa, sai dai mu kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa matan nan biyu mace ɗaya ce, ya aika wa ogansa a Kano. In ba haka ba a filin jirgi za a mayar da ita gida da akwatinta. Wani tikitin kuwa ba mu da halin saye, kuma watan ƙanwata ya riga ya kama.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A cikin tasi na yi ta faɗa, na ce wace irin kunya ce wannan da za ta hana uwa zuwa wurin 'yarta. Inna ta juya tana kallon masu sayar da dankalin turawa a gefen titi. Da na ga haka sai na kama bakina, amma ban huce ba.

Kafin magariba duk layinmu sun zama ma'aikatan jirgin sama. Telan da ke kusa da mu, wanda ko Bauchi bai taɓa zuwa ba, ya ce a kankare harafin da reza, shi ya san yadda ake yi ba a gane ba. Wata maƙwabciya ta ce Inna ta ɗora babban yatsanta a kan wurin in za ta miƙa. Baba kuwa abin ya zo masa a matsayin cin mutunci. Tsohon direban kamfanin kuza ne, ya yi shekaru yana jigila a Naraguta, kuma ya ce tun daga Turawa har zuwa masu fansho ba wanda ya rubuta sunansa irin na wani, amma bai taɓa zuwa karɓar albashi aka ce masa shi mutum biyu ne ba. Ya ce gobe da shi za a je kotun, ya ga wanda zai ce ba shi ba ne.

Washegari ya ci babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A ƙarƙashin bishiyoyin harabar kotun masu tafireta suka yi mana caa, kowa na cewa nasa ya fi Turanci. Wanda muka zaɓa ya buga takardar, ya kuskure sunan a hanya ta uku wadda babu ita a fasfo babu ita a tikiti, ya sake bugawa yana mitar mun ɓata masa takarda. Ya kwantar mana da hankali cewa mai rantsarwa ko kai ba ya ɗagawa, hatimi kawai yake dannawa.

Ashe an canza mai rantsarwar. Wani dattijo muka tarar, ɗan asalin Filato, da tabarau a ƙarshen hanci da littattafan rantsuwa biyu a gabansa, kowa da na addininsa. Mutum ne mai son a yi abu yadda aka rubuta shi, irin wanda ake addu'ar samu a ofis sai ranar da aka same shi. Ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya ce mai rantsuwa ta faɗi cikakken sunanta da bakinta.

Inna ta faɗi nata, da ta zo kan na Baba sai ta tsaya.

Baba ya matso ya ce shi ne mai sunan, ga shi a tsaye da ransa, bari ya faɗa. Dattijon ya ce ba shi ke rantsuwa ba. Na ce ni 'yarta ce, zan faɗa ta gyaɗa kai. Ya ce gyaɗa kai ba ya shiga doka. Mutanen da ke layi a bayanmu suka fara leƙe, wani na cewa Hajiya a daure mana, muna da wurin zuwa.

Dattijon ya cire tabarau. Ya ce a garin nan ya girma, ya san wannan al'ada, amma ba zai sa hannu a kan abin da kunnensa bai ji ba. Ya sa masinja ya fitar da mutane ya ja ƙofa.

"Mama, ba kowa yanzu. Kai faɗa a hankali, ni kawai zai ji," in ji shi da irin tasa Hausar.

Na ja hannun Baba mu fita, ya ƙi motsi. Ya ce shi shaida ne. Ban san inda ya samo wannan muƙami ba.

Inna ta daɗe tana kallon siminti. Na san abin da take aunawa, don ni ma shi nake gani: ƙanwata a wani ɗaki a bene, ƙafafu a kumbure, ba mai dama mata kunu. A lokacin duk faɗan da na yi mata a tasi ya dawo mini, na ji tausayinta ya kama ni har ina jin haushin dattijon da kwamfutar da ni kaina. Ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, ta juya wa Baba baya, ta fuskanci taga. Sai ta faɗa. Muryar ba ta fi ta mai tashin jariri daga barci ba, amma sunan ya fita duka, ba ta haɗiye ko gaɓa ɗaya ba.

"Na'am," in ji Baba.

Bai yi niyya ba. Bakinsa ne ya riga shi, yadda kowa ke amsawa in an kira shi. Ya tsaya da babbar rigarsa, hannu a sake, yana kallon bayan matar da ya aura tun kafin ya yi furfura, idanunsa sun kawo ruwa. Dattijon ya mayar da tabaransa, ya danna hatimi ba tare da ya dubi kowa ba.

Inna ta miƙa hannu ta karɓi takardar, har yanzu fuskarta na wajen taga, ta ce da ni in gaya wa shi ya je ya tsayar mana da tasi.