Allon da Auta Ta Kawo wa Ba Gaggawa

Mutumin da 'yan tasha suka laƙaba wa Ba Gaggawa ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin tirela. Sunan ya samo asali ne daga halinsa. Bai taɓa tsere da kowa a kan titi ba, kuma idan abokan aiki suka yi masa shaguɓe cewa kunkuru ya fi shi sauri, sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Abin alfaharinsa guda ne: har ciwon baya ya sauke shi daga mota, bai taɓa gogar ko da katangar gada ba.

Zaman gida bai karɓe shi ba da farko. Abin da ya cece shi wata tsohuwar kwamfuta ce da babban ɗansa ya bari a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. A cikinta akwai wasan tuƙin manyan motoci, haɗe da sitiyarin roba da totur da birki. Ya fara kiran abin shirmen yara, amma ba a jima ba ya ɗora matashin tsohuwar motarsa a kan kujerar. Kullum da hantsi yakan ɗauki lodi, ya duba madubi, ya ba da sigina, sannan ya hau titi. Ba ya kashe kwamfutar a tsakiyar hanya. Sai ya gangara gefe ya ja birkin hannu. Matarsa ta saba leƙowa ta ce, “Direba, a faka a zo a ci abinci.”

Allon kwamfutar ƙarami ne, da ƙarzuwa a kusurwar hagu. Autarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta lura yana kanne ido kafin ya karanta alamun hanya. Ba ta yi shawara da kowa ba, sai ga ta wata rana da sabon allo mai faɗi, irin wanda ake cewa babu kamarsa wajen fitar da hoto.

Gaskiya ne hoton ya fita. Ya ga ganyen bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ga ɗinkin kujerar motar. Amma da Auta ta tafi, ya taka totur, sai titin ya riƙa zuwa yana tsinkewa, kamar motar da mai ke yanke mata. Idan ya juya sitiyari, sai an ɗan jima motar ta amsa. A wata kwana mai gangara ya daki shingen hanya. Matarsa ta ce ranar ko rabin abincinsa bai ci ba.

Ya kira mai gyaran kwamfuta na bakin layinsu. Mai gyaran ya bayyana masa cewa hoto ɗigo-ɗigon haske ne, kuma sabon allon yana neman ninki huɗu na abin da tsohon ke nema, alhali na'urar da ke zana hoton a cikin kwamfutar ta tsufa.

“Wato an ɗaura wa ƙaramin kan tirela bodin da ya fi ƙarfinsa,” in ji Ba Gaggawa.

“Ka gama magana, Baba. Ko a sake kayan ciki, ko a rage ɗigon.”

Suka rage. Motar ta saki jiki, amma hoton ya yi dishi-dishi a kan wannan faɗi, har tsohon allon ya fi shi daɗin kallo. Sake kayan ciki kuwa yana nufin Auta ta ji, kuma ya san idan ta ji, za ta sake ɗora wa kanta wata hidima. Sannan a wurinsa yaba kyauta tukuici. Uban da ya kushe abin da 'yarsa ta kawo da murna bai san girma ba.

Saboda haka ya ɓullo da dabara. Auta takan yi waya kafin ta zo ranar hutunta. Da ya ji wayar sai ya tura tsohon allon ƙarƙashin gado, ya kafa sabon, ya faka tirelar a bakin wani tafki na cikin wasan. Idan ta shigo sai ya nuna mata ruwan yana ƙyalli, ya sa mata albarka. Idan ta ce ya ja ta gani, sai ya ce direba yana hutu. Matarsa, wadda ke taya shi ɗaukar allon, ta sha gaya masa cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar ta zo da wata la'asar da aka sauya wa Auta lokacin aiki. Ta shigo ba waya, ta tarar da shi yana hawan tudu a gaban ƙaramin allon, sabon kuwa yana jingine da bango an lulluɓe shi da zanen gado.

“Baba, ashe lefe na kawo maka, ake adanawa?”

Sai da ya gangara gefe ya ja birkin hannu, sannan ya juyo. “Auta, zauna. Ba zan yi miki bayani ba, ke za ki ja.”

Ya kafa sabon allon, ya ba ta kujerar. Kafin ta fita daga tasha ta kwashe fitilar titi. Ya mayar da tsohon, ta sake gwadawa, motar ta bi hannunta. Ta juyo ta tambaye shi me ya hana shi faɗa.

“Na ga hasken fuskarki ranar da kika kawo shi. Ya fi na allon.”

“To idonka fa? Shi ne ya dame ni.”

“Wannan kuma aikin tabarau ne,” in ji mahaifiyarta daga bakin ƙofa. “Yana da shi, ba ya sawa. Wai kada a ce ya tsufa.”

Ba a mayar da allon kanti ba. Auta ta sa aka kafe shi a bangon falo, ta zuba hotunan iyali a ciki, domin hoton da ba ya motsi ba ya wahalar da kowace na'ura. A cikinsu har da na tirelarsa ta gaske, wanda aka ɗauka a tasha tun tana sabuwa. Ba Gaggawa ya daɗe a tsaye yana kallon fentinta. Matarsa ta matso, ta ɗora yatsa a kan gilashin gaban motar.

“Malam, wannan ba kular abincina ba ce mai jan murfi, wadda ka rantse ba kai ka fita da ita ba?”

Ya gyara tabarau, ya duba da kyau, ya ce allon nan ya cika tonon silili. Daga nan ya koma ɗakinsa, inda lodi ke jiransa a gefen hanya, Auta ta jawo kujera ta zauna a wurin fasinja.