Fuskar da Inna Ta Juya wa Majigi

Jikokina sun san halina. Da zarar sun kunna irin fim ɗin nan da ake nuna yaro kwance a gadon asibiti, uwa tana birgima a ƙasa tana kiran sunansa, likita yana share gumi, sai in ja sandata in bar musu ɗakin. Suna cewa wai Kaka ba ta da tausayi. Ba tausayi na rasa ba. Ni an taɓa saka ni a irin wannan fim, tun ana ce masa majigi, kuma har yau ban huce ba.

A Zuru ne, lokacin Turawa suna ta maganar tafiya amma ba su tafi ba. Shekaruna ba su wuce shida ko bakwai ba. Babana fatauci yake yi da jakuna, yana kai gishiri da kanwa Wasagu da Kanya, ya dawo da dawa. Ni ce ɗiyar fari a gidanmu, kuma a nan duk maganar take. A wurinmu uwa tana alkunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi ta kau da kai. Inna ta riƙe wannan da gaske. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Yarinyag ga" take ce mini, ko kuwa "ke". In na faɗi a tsakar gida, kakata ta wajen uba ce za ta ɗaga ni, Inna tana can tana daka kamar ba ta ji ba. Amma in an raba tuwo, a kwanona ake tsintar tsokar da babu ita a na kowa.

To, sai ƙaya ta soke ni a ƙauri, wurin ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Ya yi ta cin nama yana wari, har ƙawayena suka daina zama kusa da ni. Takawa ta gagara. Ɗakin shan magani kuwa yana can ɗaya gefen gari, Baba yana kan hanya, ita Kaka, uwar Baba, bayanta ya riga ya sunkuya. Inna ce ta riƙa goya ni. Da an idar da sallar asuba sai ta ɗaure ni da zani, ta lulluɓe mu da mayafi, ƙafafuna suna reto har gwiwarta, ta bi ta bayan gonaki don kada a gan ta. Kowa a unguwar ya sani, kowa ya yi kamar bai gani ba. In mun dawo ta sauke ni a bakin zaure ta ce, "Ke, shiga," kamar a hanya ta tsince ni.

Malamin asibitin yana wanke gyambon da wani ruwa mai launin shuni, ya naɗe da tsumma. Akwai wata allura da ta shigo a shekarun nan, wadda ake cewa tana busar da irin wannan ciwo cikin 'yan kwanaki. Kullum sai ya ce mana gobe. Da Baba ya dawo ya je da kansa, sai malamin ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya. Allurar tana nan cikin akwati. Amma masu majigi suna tafe, Baturensu ya aiko a nemo masa yaro mai gyambo sosai, kuma kada a taɓa shi sai ya ɗauki hotonsa. Nawa ne ya fi kowanne kyau.

Kyau. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan, Baba ya maimaita mana ita a gida yana cizon leɓe. Ƙafar ɗiyar mutane tana ruɓewa, maganin yana kulle a akwati, ana jiran mota. Wane irin likita ne wannan? Ban san tsawon jiran ba, na dai san wata ya mutu wani ya tsaya, Inna tana ta goyo. A cikin jiran nan ne ciwon ya kai ga jijiya. Sandar da nake dogarawa yau ba tsufa ne kaɗai ya ba ni ita ba.

Ranar da masu majigin suka zo, har cikin gidanmu suka shigo, mai unguwa yana gaba. Ga Bature da na'urarsa mai ƙafa uku, ga tafinta, wani Bahaushe mai farar riga da agogo, ga wata mata da suka zo da ita a motarsu, ta sha sabon zani. Babu wanda ya gaya mana labarin da za a shirya. Abin da aka ce wa Baba kawai, hoto ne na wayar da kan jama'a, in an gama a yi wa yarinya allura. Me zai ce? Wuƙa da nama duk suna hannunsu.

Aka shimfiɗa ni a tabarma, aka kwance tsumman. Sai tafinta ya ce wa Inna, "Bature ya ce ki ɗauki ɗiyarki ki ɗora a cinya, ki dubi fuskarta."

A gaban mijinta fa, da uwar mijinta, da mai unguwa, da yaran da suka hau katanga. Inna ta ja mayafi ta juya fuska ga bango.

Kaka ta ce, "Ɗan nan, ɗiyar fari ce. Kawo ta nan ni in riƙe."

Tafinta bai ko fassara ba. Bature ya riga ya manna ido a na'ura, yana ɗaga hannu a yi shiru, sai murmushi yake yi. Ya daɗe yana ɗaukar bayan Inna. Daga nan aka sa matar nan mai sabon zani ta rungume ni, ta shafa kaina, ta goya ni zuwa bakin zaure. Ana cewa an gama ta dire ni, ta tofar da yawu, ta nemi ruwa da sabulu. Da yamma aka yi mini allurar. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu gyambon ya kama bushewa.

Sai da damina ta wuce sannan mai shela ya zaga gari, ya ce yau akwai majigi bayan magariba, kuma har da mutanen Zuru a ciki. Gari ya ɗauka. Aka kafa farin ƙyalle a fili, inji yana ta ruri, maza a gaba, mata a baya. Kaka ce ta matsa wa Inna sai ta je. Na zauna a tsakaninsu ina jin kaina kamar wata sarauniya.

Ga zaurenmu ya fito, jama'a suka yi shewa. Ga ni nan kwance, ƙafata ta cika ƙyallen. Sai aka nuno ƙudaje sun yi baƙi a kan wata ƙazamar tukunya da ba tamu ba ce, ban san gidan uban wa suka samo ta ba. Inna da ke wanke tukunya har ta bayanta. Aka nuno wani boka yana tofi, mutumin da ba mu taɓa gani ba. Sannan ga Inna, ta ba ni baya, fuskarta a bango.

Muryar tafintan nan ta fito ta lasifika, har tana dawowa daga duwatsu. "Jama'a, ku dubi uwa mai sakaci. Ɗiyarta tana ruɓewa, ita ko kallonta ba ta yi. Ta ƙi kai ta asibiti. Amma ku dubi maƙwabciyarta mai hankali." Sai ga mai sabon zani tana rungume ni, tana goya ni, ga malamin asibiti yana jiranmu da allura a hannu, fuskarsa cike da tausayi, shi da ya kulle ta a akwati wata guda.

Ban fi jin haushin Baturen ba, ko da yake shi ma Allah ya isa. Baƙo ne, bai san dawan garin ba, ya ga baya ya ɗauka ƙiyayya ce. Amma tafinta fa? Nonon Bahausa ya sha. Ya san abin da ake nufi in uwa ta kau da kai daga ɗan fari, ya ji abin da Kaka ta ce da kunnensa. Kalma ɗaya ta ishe shi ya gyara, ya zaɓi farar rigarsa.

Tsofaffin mata na kusa da mu suka fara gunaguni, wata ta ce, "Wagga ai alkunya ce." Amma muryarsu ina, lasifika ina. Samari suna ta dariya, ana waiwayowa, ana nuna mu da baki. Na miƙe a kan ƙafata mai tabo, na buɗe murya iya ƙarfina.

"Ƙarya ne! Inna ce ta goya ni, kullum ita ke kai ni!"

Ban rufe baki ba na ji an fizgo ni ƙasa. Inna ce. Ta toshe mini baki da tafin hannu, ta murɗe mini cinya, murɗar da ban taɓa sha a wurinta ba. Ta ce a hankali, "Ke, rufa mini asiri."

Na daɗe a duniya kafin in gane wannan magana. An tsaya gaban gari an ce ba ta son ɗiyarta, ta haɗiye. Amma a tsaya gaban gari a ce tana so, wannan ne ba za ta iya ɗauka ba. Sun yi mata ƙazafin da ba ta da bakin karewa, don karewar ita ce tonon asirin. Wannan shi ne a dake ka a hana ka kuka.

Majigin bai tsaya a Zuru ba. Ya je Mahuta, ya je Wasagu, ya je Kanya, wuraren da babu tsohuwar da za ta ce alkunya ce, kuma gani ya kori ji. Baba ya sauke kaya a kasuwa, wani ya ce masa, "Ashe matarka ce uwa mai sakaci." Yara suka mai da shi waƙa, suna bin ta da ita har bakin rijiya. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Babu wanda ya zo ya ba ta haƙuri, daga mai na'ura har mai allura. Sun sami hotonsu sun yi gaba.

Amma a daren majigin, da aka watse, Kaka ta tsaya gaisawa da tsararrakinta, ni da Inna muka kama hanya. Ba ta bi ta cikin gari ba, ta bayan gonaki ta bi, tsohuwar hanyarmu. Ina binta ina ɗingishi ina shessheƙa, cinyata tana zafi. Da muka yi nisa da hasken inji, ta waiga gabas ta waiga yamma, babu kowa. Sai ta durƙusa a gabana ta ba ni baya, wannan bayan da gari ya gama yi wa dariya. Ƙafata ta warke, ina iya tafiya, ita ma ta sani. Na hau.

Haka ta goya ni har muka iso. A bakin zaure ta sauke ni, ta gyara mayafinta.

Ta ce, "Ke, shiga."