Mai Wankan Gawar Karantina Ya Sami Nasa Wankan

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Alhamis, sha huɗu ga Muharram 1394, daidai da bakwai ga Fabrairu 1974, Allah ya karɓi ran surukina, Malam Saleh Na'ibi, mai gyaran takalma kuma mai wankan gawar unguwar Karantina a nan Jidda. Ya cika a ɗakinsa, a kan tabarmarsa, yana da shekara sittin da 'yan kai. Shekara goma sha takwas ina auren 'yarsa Zakiya, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban kuma taɓa furta sunansa ba. Yau ne farkon da na rubuta shi, kuma sai da alƙalamin ya yi mini nauyi.

Baba, ku gafarce ni, zan faɗi abin da mai ta'aziyya bai saba faɗa ba. Idona na zubar da hawaye, amma zuciyata a sake take, domin na ga addu'arku ta karɓu. Duk wanda ya taɓa yin sahu kusa da ku ya san ta. Bayan kowace salla kukan ce, "Ya Allah, ka ɗauke ni ni kaɗai, ka bar masu ɗaukata." Baƙo in ya ji yakan zaci tsufa ne ya fara taɓa ku. Ni ma sai da Zakiya ta ba ni labarin Bello kafin na gane.

Bello ƙaninku ne, tare Turawa suka ɗauke ku soja suka kai ku yaƙin Bama. Wata rana jirgin sama ya saki bom a kan ramin da yake ciki. Kuka yini kuna tonon ƙasa da hannu, abin da kuka samu takalmi ɗaya ne. Da aka sallame ku kuka koma Haɗeja, tsohuwarku ba ta tambayi ko ya sha wahala ba, ba ta tambayi sunan garin ba. Abu ɗaya ta tambaya: "An yi masa wanka?" Kuka sunkuyar da kai. Sau uku tana tambaya a kwana uku, ku kuwa ba ku iya ƙarya ba, gaskiyar kuma ta fi ƙarfin bakinku. A daminar nan ta rasu ba ta sami amsa ba. Shi ne kuka riƙe hannun Zakiya, marainiyar uwa mai shekara takwas, kuka nufo gabas a ƙafa, har tashar Sawakin ta Sudan, har Jidda.

Tun da kuka sauka Karantina ba a sake barin gawar baƙo ta kumbura ba. Alhajin da ya mutu ba shi da kowa, ɗan Barno ne ko ɗan Jawa ko ɗan Indiya, ku ake kira. Sai ku ajiye basilla da takalmin mutane, ko da mai shi na tsaye da ƙafa ɗaya, ku tafi. Mutum ɗari nawa suka bi ta hannunku, Allah ne masani, amma ba a taɓa jin kun ce wane yana da kaza a jikinsa ba. Masu son jin ƙwaƙwaf sun gaji sun bari.

A bayan ƙofarku akwai garwa biyu cike da ruwa, an rufe da faifai, da ƙullin ganyen magarya, da ɗan kafur, da likkafani yankakke daidai tsawonku. Ruwan wankanku ne kuka tanada. Kowace Juma'a kukan sake sabo, tsohon kuma ku aika wa maƙwabciyarmu Sauda, wadda miji ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Wanda ya zauna Karantina ya san mene ne garwa biyu a unguwar da ake sayen ruwa kamar man shanu. Kukan ce mata ruwan ya tsufa ne, zubarwa za a yi, don kada ta ji nauyi. Ita kuwa da bakinta na 'yar Jidda takan ce, "Ya ammi, Allah ya sa makon nan ma kada ku buƙaci moyan nan," wato ruwan. Ku ce amin kuna dariya.

Ni akawu ne a ofishin wakilan jiragen ruwa a bakin tasha, ina karanta jaridun Larabci, ina kuma da rediyo. Wannan shi ya sa na zama ɗan rahotonku ba da sona ba. Tsakanin ɗakinmu da naku shingen kwano ne guda, ko tari mutum ya yi ana ji. Amma kunya ba ta yarda mu yi magana kai tsaye ba. Sai ku ɗaga murya ku ce Zakiya ta tambayi mai gidanta, yau Rasha bom guda nawa ta ƙera. Ni kuma in ɗaga tawa in gaya wa Zakiya. Ita tana tsakar gida da ludayi a hannu, ba ta maimaita wa kowa komai, sai dai ta ce, "Halas, shi ke nan, ai kun ji juna."

Ba ku yi boko ba, Baba, amma bayanin da kuka yi wa lamarin ya fi na masu jarida shiga kaina. Kuka ce a bariki tsohon saje ba abin tsoro ba ne sosai, ya riga ya san ana shakkarsa. Abin gudu shi ne sabon saje, wanda aka ɗaura wa igiya jiya, sai ya nuna ta ko ta halin ƙaƙa, tsohon kuma ba ya son a kamo ƙafarsa. A lissafinku Ingila ta yi ritaya, Amurka ce tsohon saje, Rasha ce sabon. Da Rasha ta harba tauraronta sama a 1957 mutane suna ta mamaki, ku kuka ce wanda ya iya ɗora ƙarfe a sama ya iya sauke shi inda ya so. Da ta gwada wani bom a 1961, na gaya wa Zakiya an ce ƙarfinsa ya ninka duk bama-baman yaƙin da kuka yi in an haɗa su. Ba ku tambayi wa ya fi wa ba. Kuka ce ta tambaye ni ko ana samun gawa. Na ce a kusa da inda ya faɗi, a'a. Kwana uku kwanon tuwonku yana dawowa yadda aka kai shi.

Sai makon nan na Oktoban 1962. Rasha ta kai makamanta masu linzami tsibirin Kuba, a ƙofar gidan Amurka, Amurka kuma ta kewaye tsibirin da jiragen yaƙi, ga jiragen Rasha sun doso. A ofis na ga Turawan da ba sa barin aiki sun kewaye rediyo sun yi jugum. A Karantina wasu suka ɗaure kaya suka nufi Makka, suka ce in mutuwar ce gara ta same su a Harami. Aka ce ku zo a tafi, kuka ƙi. Kuka ce ko ba a jefa wa Jidda bom ɗin ba, an ce iskarsa na kisa a hankali, gawa za ta yi yawa, mai wanka kuwa ɗaya ne a unguwa. In shi ya fara faɗuwa fa?

Ranar Laraba bayan azahar na ji an ɗaga labulen ɗakina, sai ga ku tsaye. Zakiya ta tafi kasuwa, babu wanda za a bi ta kansa. Wani tsohon alhaji marar dangi ya rasu a masallaci, kuna so in zo in koya. A nan dole in tona asirin kaina. Ni mutum ne da in na hango makara sai in sake hanya, ko kaza ba na son ganin an yanka. An ce tsoro na daji, kunya na gida, to ran nan su biyun suka ritsa ni a ɗaki ɗaya. Na fara kame-kame, ina kallon ƙasa.

Kuka ce, "Husaini." Ban taɓa jin sunana a bakinku ba. "Ba ni da ɗa namiji. In na riga ka, kai za ka wanke ni. Ka ajiye kunyar nan zuwa la'asar, in mun gama ka ɗauki abarka. Yalla, mu tafi."

Na bi ku. Kuka nuna mini yadda ake rufe al'aura da zane kafin a zare riga, yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, a shafa ciki sannu, a yi alwala, a fara da dama, a yi wankan wutiri, sau uku ko biyar, na ƙarshe da kafur. Sau biyu ina fita ina amai, sau biyu ina dawowa in tarar kuna jira. Da na kama hannun tsohon da gaggawa don in huta, sai kuka dafa nawa kuka ce, "A hankali, yana da uwa." Mutumin ya haura saba'in, amma na gane wace uwa kuke nufi. Daga nan na ci gaba a hankali.

A cikin makon nan kun koya wa maza ashirin da uku, gida-gida, wasu da lallashi, wasu da faɗa. Kuka sa Zakiya da Sauda suka tara mata suna koya musu a kan matashin kai. Ranar Lahadi rediyo ya ce Rasha ta yarda za ta kwashe makamanta. Na ruga tsakar gida ina kiran Zakiya ta gaya muku, har na manta takalmi. Mutanen da suka gudu Makka suka dawo da ƙunshinsu a kai, kuma don su rufe tasu kunyar sai suka koma tsokanar ku, suna tambaya ina tashin alƙiyamar. Kuka ce sajojin sun ji tsoron juna, Allah ya ƙara musu tsoro. Ni kuma na ɗauki kunyata kamar yadda muka yi alkawari, muka koma magana ta bakin Zakiya.

Masu tsokana ba su lura da ribar da unguwa ta ci ba. Tun daga shekarar, ko a tsakiyar aikin hajji, gawa ba ta kwana tana jiran mai wanka a Karantina. Bayan shekara biyu Sin ita ma ta gwada nata bom ɗin, kuka ce ga wani ya ɗaura igiya, kuka ƙara ɗalibai.

Azumin da ya wuce shi ya fi tsananta muku. Ciwon ƙirji ya kwantar da ku, ga yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila. A ƙarshen watan aka ce Rasha na barazanar turo sojojinta, Amurka kuma ta sa nata cikin shirin ko-ta-kwana. Na so in ɓoye, amma kwano ba ya ɓoye rediyo. Zakiya ta fito daga ɗakinku tana share ido, ta ce kuka kuke yi, kuna cewa saura ƙiris, kada su riga ku. Na ji tsoro ran nan fiye da na 1962, ba don duniya ba, don ku. Allah ya sake sa musu tsoron juna, muka yi salla lafiya.

Ran Alhamis ɗin nan ban je aiki ba, don jikinku ya yi nauyi. Da hantsi kuka ce, muryarku da ƙyar take ratsa kwanon, Zakiya ta tambayi mai gidanta yaya duniya. Na ce ta gaya muku lafiya lau, babu wanda ya harba komai. Kuka yi hamdala, kuka yi kalmar shahada, shi ke nan.

Na ɗaga faifan garwa da hannuna. Ɗalibanku sun cika ƙofa, kowa na so ya zuba ko da moɗa guda, har sai da liman ya raba gardama ya zaɓi biyu. Na wanke ku yadda kuka koya mini, a hankali. Abin da na gani ba zan faɗa ba, wannan ma ku kuka koya mini. Da na fito, Zakiya na bayan labule, ita da ta san amsa sarai, amma sai da ta tambaya: "An yi masa wanka?" Na ce, "Na yi masa da hannuna, sau uku, kuma babu abin da ya ɓace." Ta yi dariya tana kuka, ni ma haka. Bayan la'asar aka sallace ku, masu ɗauka suka yi yawa har wasu ba su sami taɓa makarar ba.

Makaman suna nan inda suke, an ce ma ƙaruwa suke yi. Don haka washegari Juma'a na cika garwar nan biyu na mayar bayan ƙofa, na kuma gaya wa Sauda rabonta bai yanke ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Zakiya, da jikokinku, da Sauda da 'ya'yanta, da dangi na Haɗeja in takardar nan ta isa gare su, da dukan mutanen Karantina. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, ka wanke bawanka Saleh daga zunubi kamar yadda ya wanke bayinka, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa nasu, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna makomarsa. Ka jiƙan Bello, kai ka san inda kowane ƙashinsa yake. Ka ci gaba da riƙe hannun masu makamai.

Ku kuma Baba, in Allah ya sada ku da tsohuwarku ta sake tambaya, wannan karon ku ɗaga kai. Ku ce mata ku dai an yi muku, kuma saboda Bello an yi wa ɗaruruwa.